Gansakukar Goggo Sista

Goggo Sista yayar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi tun ban iya wankan kaina ba. Duk wanda ya tashi a gidanta ba ya ɓoyuwa a cikin taro. Shi ne za ka ga yana wanke hannu har gwiwa kafin ya taɓa abinci, ya kuma rufe famfo da bayan hannu don kada tafin ya sake taɓa ƙarfe. Mu uku ta yi wa wannan horon: babban ɗanta da muke kira Yaya, ita kuma take kira Babba, da 'yarta Auta, sai ni da take kira Aku saboda bakina ba ya hutawa.

Duk rayuwar aikinta a ɗakin tiyata ta yi ta. Ita ce mai dafa almakashi da wuƙaƙe, ita ce mai miƙa wa likita kayan aiki, ita ce kuma mai korar duk wanda ya leƙo da farce mai datti, ko da shi ne likitan. Mijinta ya rasu Auta tana goye, saboda haka da wannan aikin ta riƙe mu, da shi ta gina ɗan gidanta a ƙarshen layi. Gidan ba shi da girma, amma ƙasan falonsa ya fi farantin wasu tsabta. Kowace Asabar da safe a gidan nan ana yaƙi ne. A fito da kujeru, a juye katifu, a tafasa ruwa, a kawo bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Abin da bai ji ruwan zafi ba, a wurin Goggo ba a wanke shi ba, shafa shi aka yi. Mun yi kuka, mun yi gunaguni, mun kuma girma muna yi wa namu 'ya'yan irin abin da aka yi mana.

Tankin kifin ya shigo gidan ne a shekarar da ta ajiye aiki. Na wani tsohon likita ne da suka daɗe suna aiki tare, a ofishinsa yake, babban akwatin gilashi mai ruwan gishiri da duwatsun teku masu ramuka. Da zai koma wajen 'ya'yansa can nesa, ya rasa wanda zai bar wa, sai ya tuna da wadda kullum take shigowa ta goge masa gilashin ba tare da an sa ta ba. Aka kawo shi a bayan mota da kabad ɗin da yake zama a kai. A cikin kabad ɗin nan ne duk aikin yake: wani ƙaramin tanki da ruwan ke gangarowa ciki, ya ratsa soso, ya wuce ta wani kofi mai tara kumfa, sannan inji ya mayar da shi sama.

Lokacin ina zaune da ita, don haka a gabana ta fara buɗe kabad ɗin. Ta zaro soson, ta ga ya yi ruwan ƙasa, yana yauƙi, yana ƙarni. Nan take ta ɗora tukunya. Ta dafa soson nan kamar yadda take dafa almakashi, ta goge duwatsun da buroshi, ta mayar da komai fes. Kafin sati ya zagayo ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, kifaye suka fara juyewa ɗaya bayan ɗaya.

Ta kira likitan a waya, murya a tsaye, kamar za ta kai ƙarar ma'aikaci. Ya saurare ta har ta gama, sai ya yi ajiyar zuciya.

"Laifina ne, Sista," in ji shi. "Na manta wa na ba."

Ya yi mata bayani cewa a cikin yauƙin nan da ramukan duwatsun akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ne suke cinye fitsarin kifi da ragowar abinci. In babu su, kifi a cikin gubar jikinsa yake iyo. Soson ba don ya zama fari aka sa shi ba, gidansu ne.

"Wato kiwon ƙwayoyi zan yi a falona, likita?"

"Kiwonsu za ki yi, Sista. Kifin kyauta ce a kai."

Da ta ajiye wayar ta dubi hannayenta. Sannan ta juyo ta kafe ni da ido ta ce, "Aku, in na ji wannan maganar a bakin yaran nan, ni da ke ne." Na gane abin da take tsoro. Mace ce da ta yi rayuwarta tana wa'azin cewa datti ba shi da wani amfani a duniya, kuma a kan wannan wa'azin ikonta a gida ya tsaya. Washegari ta sa aka kafa wa kabad ɗin ɗan kwaɗo. Ni kuwa na riƙe bakina, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin aiki na yi ba.

Daga nan Goggo ta koyi sabon aiki da tsufanta, ta kuma iya shi fiye da yadda ake tsammani. Kowane mako tana zuƙe wani kaso na ruwan da tiyo, ta mayar da sabo wanda ta haɗa da gishirin teku tun jiya, ta auna shi da ɗan ma'auninta. Soson kuwa a cikin tsohon ruwan da ta zuƙe take matse shi, sama-sama, ta mayar da shi da launinsa. Kofin kumfar tana zubar da shi ne da numfashinta a riƙe da fuskar wadda aka zalunta. Abinci ɗan tsinke take ba su, ta ce cikin kifi bai fi idonsa girma ba, sauran duk gansakuka yake ciyarwa. Fitilar tankin tana da lokacin kunnawa da na kashewa, labulen tagar yamma kuma ba a ɗaga shi, don rana in ta sami gilashin nan kore take haifarwa.

Gansakukar ma ta raba ta gida-gida, kamar yadda take raba marasa lafiya. Mai dogon gashi da ke shaƙe duwatsu, wannan abokiyar gaba ce, da tsohon hantsakinta na tiyata take tsinke ta. Wadda ke fitowa a gilashin gaba da na gefe, ta kankare ta don a ga ciki. Amma gilashin baya ba ta taɓa shi. Ta bar shi ya yi kore shar, saboda nan ne gonar wani kifi rawaya da ta sa wa suna Mai Shara, wanda tun safe har yamma ba shi da aiki sai tsattsagar gilashin nan da ɗan bakinsa, shi da katantanwa. Akwai kuma wasu ƙanana guda biyu masu launin ruwan lemo da farin ɗamara, 'Yan Biyu, da ba sa rabuwa. Amma Mai Shara ne ɗan gaban goshi. In ta matso da kujerarta sai ya bar kiwo ya zo ya tsaya saitin fuskarta, ita kuma ta riƙa ba shi labarin unguwa. Ni da ta raina ban taɓa samun irin wannan sakin fuskar ba, kuma na faɗa mata. Ta ce ai shi ba ya mayar da magana.

Haka aka yi shekaru, na yi aure na bar gidan, ta zauna ita kaɗai da kifayenta, kuma ba ta taɓa cewa kaɗaici ya dame ta ba. Sai yanar ido ta fara rufe mata gani.

A hankali abin ya zo. Ta gaishe da rigar da aka rataye a ƙofa. Ta zuba shayi a gefen kofi. Rannan ta kuskure matakalar ƙofar gida ta zauna daɓas, ta kuma ce wai hutawa take yi. Yaya, wanda yake da shagon tayoyi a bakin babbar hanya, mutum ne mai son ya gyara abu tun kafin ya lalace. Ya share ɗaki a gidansa, ya sa aka yi fenti, aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Matarsa, baiwar Allah, har labule ta ɗinka. Ɗaki ne mai kyau, ban da abu ɗaya: a bene yake, kuma ko an hau da tankin babu inda zai zauna.

"Mama, ki dawo wajenmu," in ji shi. "Jikokinki na nan, ba abin da za ki nema ki rasa."

"Me na nema na rasa a nan?"

"Idonki fa, Mama."

"Idona yana kaina. A nan ko a rufe na san inda komai yake. A gidanka kuwa baƙuwa zan zama, ana rage murya in na shigo."

Duk zuwan da zai yi sai an yi wannan, kuma duk zuwan idonsa yana kan gilashin baya. Ya ja ni gefe a tsakar gida ya ce, "Aku, ki dubi koren nan. Mama ce fa, wadda ƙura ba ta kwana a gidanta. In da tana gani, za ta bar wannan a falonta?" Na ce masa ya tambaye ta mana. Ya tambaya, ta ce masa ba ta haifi ɗan da za ta yi wa bayani a kan datti ba. Taurin kai irin na Goggo, in da ana sayar da shi, da tuni mun yi arziki. Kalma biyu za ta faɗa ta kashe maganar, amma ta gwammace ya tafi da hujjarsa.

Da aka sa ranar yi mata aikin ido, Yaya ya ce bayan an gama za a zauna a yi magana. Kowa ya san maganar. Ita ma ta sani, don a hanyar asibiti ta riƙe hannuna ta ce, "In suka ɗauke ni daga gidan nan, Aku, ki sani kaya suka ɗauka."

Ni na yi jinyarta. Aikin ya yi kyau, duk da ta so ta koya wa yaran ɗakin tiyatar yadda ake jera kaya tana kwance. Likita ya ce kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ruwa ya taɓa idon. Yaya ya samu abin da yake so, ya wuce da mu gidansa kai tsaye, wai ta huta kwana biyu. Aka bar wa Auta, wadda malamar firamare ce, ciyar da kifi.

Abin da ya faru a gidan Goggo a kwanakin nan, daga baya Auta ta ba ni labari. Ita da Yaya suka haɗu ranar Asabar, suka ce bari su yi wa Mama abin da za ta buɗe sabon ido ta gani ta ji daɗi. Suka share gida, suka zo kan tanki. Yaya ya ɓalle kwaɗon kabad da sukudireba. Auta ta ce da ta ga soson nan, ta ji ƙarninsa, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Wai ashe haka Mama ta lalace ba su sani ba, har tana kulle ƙazanta don kada a gani. Yaya kuwa ya naɗe hannun riga.

Kuma fa sun yi aiki, Allah ya sani. Suka kwashe kifayen a bokiti da ruwansu, a hankali, ba wanda ya ji ciwo. Suka fito da duwatsu tsakar gida, suka jiƙa su a bilic, suka bi kowane rami da buroshin haƙori. Suka kankare gilashin baya har yana ƙara. Soson, Auta ta tafasa shi. Suka ɗauraye komai, suka sake ɗaurayewa, suka cika tankin da ruwan da Goggo ta haɗa ta ajiye a jarkoki. Babu abin da suka yi wanda ba ita ta koya musu da hannunta ba. Sannan Auta, don tausayi, ta riƙa zuba wa kifayen abinci da cokali, wai sun rame.

Goggo kuwa tana can bene tana ƙirga silin da ido ɗaya. An yi mata komai, har ruwan sha ba a bari ta tsiyaya da kanta. Da safiyar da haƙurinta ya ƙare ta ɗaura ɗankwali ta ce a kai ta ta ga kifayenta, in ba haka ba za ta sauka ta tari mota. Yaya da Auta suka kalli juna suna murmushi, irin na masu ɓoye kyauta.

Tun daga bakin ƙofa ta tsaya. Ido ɗaya yana rufe, ɗayan kuma hazo ne, amma hancinta lafiyarsa lau.

"Wa ya shigo da bilic falona?"

"Mun ɗan gyara miki ne, Mama," in ji Auta.

Ta lalubi kujerarta ta zauna a gaban tankin. Ta jira. Ba wanda ya zo saitin fuskarta.

"Aku, zo ki zama idona. Duwatsun wane launi ne?"

"Farare ne, Goggo."

"Gilashin baya fa?"

"Ana ganin bango ta cikinsa."

"Ruwan?"

Na sake leƙawa. Na ce ya yi fari-fari. Ta tambayi Mai Shara, na ce yana sama, bakinsa a saman ruwa, yana haki, 'Yan Biyu kuma sun lafe a lungu. Na ga hannunta ya kama hannun kujera ya matse. Na ɗauka za ta yi faɗan da za a ji a ƙarshen layi, har na ja baya. Sai ta yi magana a hankali, da muryar da ban taɓa ji ba sai a bakin tsofaffin abokan aikinta in suna kwaikwayonta.

"Babba, kashe fitilar. Auta, ɗauke abincin nan daga gabana, kada a sake ba su ko ƙwaya. Aku, akwai sauran ruwa a jarka?"

Akwai kaɗan. Ta sa Yaya ya ɗauko tiyo, ta gaya masa inda zai sa da yadda zai ja. Ya ja da ƙarfi irin na mai tayoyi, ruwan gishiri ya cika masa baki, ya tofar a kan tayil, kuma a karo na farko a tarihin gidan nan ba wanda ya ce a kawo tsumma. Ta sa ni haɗa sabon ruwa, ina karanta mata ma'auni tana cewa ƙara ko bari. Ta sa Auta ta kira mai shagon kifin da take sayen gishiri a wurinsa, ta roƙe shi ya karɓi kifayen ya ajiye mata a nasa tankin. Duk tana zaune, hannu a cinya, ba ta sunkuya ba.

Yaya yana durƙushe da bokiti ya ce, "Mama, me muka yi ba daidai ba? Wallahi mun ɗauraye sosai."

Ta juyo da fuska wajena. Na san abin da ke mata nauyi, na kuma ƙi taimaka mata.

"Ba ku yi komai ba sai abin da na koya muku," ta ce. "Dattin nan da kuka wanke, ni na ajiye shi. Shekara da shekaru ina kiwonsa. Shi yake riƙe da ransu."

Ta yi musu bayanin ƙwayoyin kamar yadda likita ya yi mata, har da tukunyar da ta ɗora a farkon zuwan tankin. Koren baya kuma, ta ce, abincin Mai Shara ne.

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Mama?" in ji Auta, ido ya cika.

"Da wane bakin? Ni da na hana ku wasan ƙasa?"

Mai Shara bai kai shagon ba. A cikin bokiti ya mutu, a kan cinyar Yaya, Auta tana tuƙi. Yaya ya dawo ya tsaya a ƙofar falo, ƙaton mutum mai 'ya'ya har sun fara tasawa, ya kasa shigowa. Goggo ta ji tsayuwarsa ta gane. Ta ce, "Shigo mana, ai ba kai ka fara ba, ni uku na kashe." Ta juya fuska wajen bango, na ga hawaye yana bin gefen idon da ba a rufe ba. Na ji tausayinta har cikin raina, na kuma ji tausayinsa fiye da nata.

Ta ƙi komawa bene, ni na dawo na zauna da ita. Duwatsun aka shanya su a rana har warin bilic ya fita. Sai ta aiki Yaya aiken da har gobe in na tuna sai na yi dariya: ya je wurin mai shago ya roƙo tsohon soso daga tankinsa, mai yauƙi, mai ƙarni, a kawo shi cikin ruwansa kada ya bushe, don a samu irin ƙwayoyin. Yaya ya je da fararen kayansa na zuwa shago. Ya ce mai shagon ya zaro wani, shi kuma ya ce a'a, a duba masa wanda ya fi datti. Ya rungumo bokitin har gida yana tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Goggo ta sa hanci ta shinshina ta ce, "Madalla, wannan ya nuna."

Daga ranar kullum in ya rufe shago sai ya biyo. Ya koyi jan tiyo ba tare da ya sha ba. Ya koyi karanta ma'auni. Maganar ɗaki ba wanda ya tayar, amma tana nan zaune a falon tare da mu, don Yaya bai ce ya fasa ba, kuma ni na san shi, ba ya fara abu ya bari.

Ana cikin haka idon ya washe. Da safe ta fito daga ɗaki ba sanda, ba lalube, ta tsaya tsakiyar falo tana juyawa. Ta ce ashe labulen nan shuɗi ne. Ta ce ashe na yi ƙiba. Ta leƙa tankin, ruwan ya fara yin garau, ta nuna mini wani ɗan dishi-dishin kore da ya fara fitowa a kusurwar gilashin baya, ta yi murmushi. Sannan ta shiga kicin ta ce yau ita za ta haɗa shayi da kanta.

Na ji shiru ya yi yawa, na bi ta. Na same ta tsaye a gaban kabad ɗin kwanuka, wanda su Auta ba su buɗe ba, da kofi a hannu, ta karkata shi wajen taga. Kofunanta ne na baƙi, farare, da take ji da su. Cikin kowanne ya yi zobe-zobe na tsohon shayi, gindin hannun kuma ya tara baƙi. Ta ɗauko wani, ta ɗauko wani. Duk haka suke. Ita take wanke su da hannunta, kuma a cikinsu take ba kowa shayi.

"Tun yaushe, Aku?"

"An ɗan jima, Goggo."

"Kuna gani kuna sha?"

Na ce ai shayin yana da daɗi. Ba ta yi dariya ba. Na miƙa hannu zan karɓa in wanke, ta ce in bar su yadda suke.

Da yamma Yaya ya zo. Ta sa aka kawo butar shayi, ta ɗauko kofi ɗaya da kanta, ta zauna, ta ce ya zauna. Ta dube shi sosai, irin duban da ta daɗe ba ta samu ta yi masa ba.

"Babba, koren tanki da sanina na bar shi, wannan ka yarda."

"Na yarda, Mama."

"To wannan ban san da shi ba." Ta miƙa masa kofin. "Duba cikinsa. Ban gani ba, kuma ban san me kuma ban gani ba. Ɗayan idon ma yana nan tafe, tsufa kuma ba a yi masa tiyata. Ka daɗe kana faɗa ina musu. In ɗakin nan yana nan, ka faɗi ranar, ba zan yi maka gardama ba."

Ban taɓa jin Goggo ta sauke wa wani murya haka ba, kuma ban ji daɗin ji ba. Ta gama ta haɗa hannuwa a cinya tana jira, ta ƙi kallon tankin.

Yaya ya karɓi kofin. Ya juya shi, ya kalli cikinsa, ya daɗe yana kallo. Abin da ya yi shekara biyu yana nema ga shi an sa masa a hannu. Sai ya jawo butar, ya tsiyaya shayi har ya rufe zoben, ya kurɓa.

"Ni ban ga komai ba, Mama."

"Kada ka mayar da ni yarinya."

"Shayi na gani, kuma ya yi." Ya sake kurɓa. "Ɗakin kuwa, yaran nan sun dame ni suna son wurin karatu, na rasa yadda zan yi da su. Ki yi haƙuri ki zauna a nan tukuna. Ni dai zan riƙa zuwa, don jarkokin nan sun fi ƙarfinki. In na zo kuma, kwanukan nawa ne."

Goggo ta gyara zama. Ta kalle shi, ta kalle ni, na yi kamar ina gyara labule.

"Ba ka iya wanke kofi ba," ta ce daga ƙarshe.

"Sai ki tsaya a kaina."

Ya shanye, ya miƙe da kofin ya nufi kicin. Ta bi bayansa tana gaya masa inda soson kwanuka yake, a gidan da ya girma a ciki.